Yadda Za Ki Sa Ƙanwarki Ta Karanta Littafin da Ya Girme Ta

Ke mai tsofaffin littattafai da ƙanwa mai taurin kai, share hawayenki, kin zo gidan magani. Ki bi matakan nan ɗaya bayan ɗaya, ban da tsallake, ni kuwa na yi miki alkawari: kafin alhazai su sauka, ƙanwarki za ta riƙa karatu har abinci ya huce a gabanta. An gwada, ya ci. A gida ɗaya aka gwada, gaskiya ne, amma ai da lasa ɗaya ake sanin gishirin miya.

Wadda aka gwada a gidansu sunanta Raliya, 'yar unguwar Ƙuba a nan Madina, shekararta goma sha biyar, irin yaran nan da in baƙo ya yi sallama sai su shige bayan ƙofa da littafi. Da yayanta Lurwanu ya sami aiki a Yanbu, sai ya bar mata kwali guda na ƙananan littattafan Larabci, na yara masu bin sawun ɓarayi, waɗanda ake ce wa algaz. Tun yana firamare yake tara su. Takardunsu sun koma launin shayi, bangon wasu da ƙullun fulawa aka liƙe shi. Raliya ta san kowane ɓarawo a cikinsu kamar ɗan'uwa.

To, kin san al'adar gidajenmu. In lokacin aikin Hajji ya matso, ɗakuna na alhazai ne, mu kuma mu kwashi tabarmi da tukwane mu koma saman soro. Da Zulƙida ta kama a shekarar 1403, Ummansu, Asama'u, ta zo ta tsaya a kan kwalin, hannu a ƙugu.

"Wannan na Ammi Sabo ne," in ji ta.

Ammi Sabo shi ne mai sayar da fusfus a bakin layi, soyayyen irin kankana da yake zubawa a takarda naɗaɗɗiya kamar mazurari. Raliya ta hango jarumanta a hannun yaran unguwa, gishiri na cin fuskarsu.

"Umma, ana karanta su fa."

"Wa?"

"Ni."

"Abin da mutum ɗaya ke so a gida tarkace ne. Sai biyu sun so shi yake zama kaya. Ga Sharifa nan. In ta karanta ɗaya daga fari har ƙarshe, ta ba ni labarin da bakinta, kwali ya hau sama. In ba haka ba, ranar da za mu share ɗakin nan ya tafi."

Sharifa ita ce ƙanwar. Shekararta sha ɗaya. Tana jin Hausa tas, amma da Larabci take mayar da amsa, kuma tun da ta iya karatu ba ta taɓa karanta abin da ba za a yi jarrabawarsa ba. Ga matsala, ga kuma magani.

Mataki na ɗaya: Kada ki kuskura ki yabi littafin

Yabo guba ne. Ranar da kika ce wa yaro abu yana da daɗi kuma yana da amfani, ranar ya yanke gaisuwa da shi. Raliya ba ta san haka ba, don ita ba ta sami jagora irin wanda kika samu ba. Ta zaɓo wanda ta fi so, ta goge masa ƙura da mayafinta, ta miƙa da hannu biyu kamar mai ba malami zamzam.

"Sharifa, wallahi wannan in kika fara ba za ki ajiye ba."

Sharifa ta kama shi da yatsu biyu, ta sansana. "Esh hada? Mene ne wannan? Warin akwatin Sitti yake yi." Sitti ita ce kakarsu, Iyatu. Ta buɗe tsakiya ta ƙura wa hoton ido. "A keke suke bin ɓarawo? Ba su da talho su kira 'yan sanda? Ita kuma wannan ina uwarta, ta bar ta tana yawo da tocila?"

"Ai zamanin da ne."

"To su zauna a zamaninsu. Ma abga."

Wato ba ta so. Ki riƙe kalmar nan, za ki ji ta har ki ƙoshi. Kuma kada ki tsaya gardama da 'yar shekara sha ɗaya a kan keke. Masana sun yi ittifaƙi ba a ci.

Mataki na biyu: Ki auna ƙarfin abokin gaba

Abokin gabarki ba Sharifa ba ce. Yana can gidan Maigandi, maƙwabta, a kan tebur, an lulluɓe shi da saƙaƙƙen mayafi kamar jariri. Bidiyo. Kaset ɗin masu dambe suke maimaitawa, har yaran layin sun haddace inda za a yi shuri, suna ɗaga ƙafa kafin mai shurin ya ɗaga.

Ki je ki gan shi da idonki, ki dawo ki kalli littafinki, ki yarda an fi ki ƙarfi. Bidiyo na ihu, littafi ko tari ba ya yi.

Sai dai kada ki roƙi Allah a ɗauke wuta. A Madina kike, addu'a ba ta faɗuwa ƙasa, kuma na'urar sanyinku a kan wutar nan take. Raliya ta roƙa. An ɗauke tun daga azahar, gida ya zama tanda, Sharifa kuwa ta kwanta a siminti tana ba kanta labarin kaset ɗin daga farko, har da kiɗan.

Mataki na uku: Toshiyar baki

Kowa yana da farashi, na Sharifa wanke-wanke ne.

"Ki karanta ɗaya, ni kuma wallahi zan riƙa yi miki wanke-wankenki har alhazai su tafi," in ji Raliya.

"Kin ce wallahi?"

"Na ce."

Sharifa ta karɓi littafi, ta juya shi ta baya, ta karanta shafin ƙarshe a tsaye, ta ruga kicin inda Umma ke tsince shinkafa.

"Ummi, halas, na gama. Mai gadi ne ɓarawon."

Umma ba ta ko ɗago ba. "Me ya sata?"

Sharifa ta kalli sama. "Zinariya."

Nan ne ya kamata Raliya ta yi shiru. Amma mai son littafi gara a zagi danginsa da a ɓata masa labari. "Kan sarki ne!" Da ƙarfi ma ta faɗa.

"Kan sarki? Na wasiƙa?" in ji Sharifa. "Duk littafin nan a kan abin da ake lasa a manna?"

Umma ta nuna musu ƙofa da ludayi. Darasi: ki yi toshiyar baki, amma kada ki haɗa da rantsuwa. Littafi bai karantu ba, wanke-wanke kuwa ya zama na Raliya, don wallahi ba ta goguwa.

Mataki na huɗu: Ki hana ta

An ce abin da aka hana yaro shi ke masa ƙamshi. Raliya ta ɗaure fuska, ta ce, "Kada ki sake taɓa kwalin nan, ba na yara ba ne."

"Ahsan," in ji Sharifa, wato ya ma fi. Ta sa takalmi ta tafi gidan Maigandi.

Wannan mataki ba ya aiki. Na sa shi ne don kada ki ce na ɓoye miki wani abu.

Mataki na biyar: Ki sami babba ya tsaya miki

Kaka Iyatu tun tana budurwa ta zo ƙasar nan da ƙafa daga Damagaram, kuma ba ta bari kowa ya manta. Ba ta karanta komai sai carbi. Tun da likita ya hana ta goro saboda hawan jini, ɗanta Ƙasimu, baban su Raliya, ya kafa doka ko ɓari kada ya shigo gidan, ta zama ba a shiga gabanta sai da dalili. Amma da ta ji za a kai kwali wurin Sabo, sai ga ta ta taso da sanda.

"Asama'u, ba dai kwalin nan ba. Takarda ai ilimi ce. Gidan da ya zubar da takarda ya zubar da albarka."

"Iya, labarin ɓarayi ne fa a ciki."

"Ko na aljanu ne. A bar shi inda yake."

"To Iya, sama ba wuri. Sai dai ya hau a madadin akwatinki."

Kaka ta koma jan carbinta. Duk da haka Raliya har da ƙwalla. Ashe duk gidan nan tsohuwar da ba ta san alif ba ce ta san darajar littafi! Ta zauna ta matsa mata ƙafafu har hannunta ya sage. Ana cikin haka Sharifa ta gifta, sai Kaka ta ɗaga murya:

"Ke ja'ira, kada in ga hannunki a kwalin nan. Karatu na cinye ido. Je ki kalli masu dambenki."

Raliya ta ɗan yi mamaki, sai ta ce tsufa ne. Ke ma in babba ya goya miki baya ba dalili, kada ki nemi dalilin. Wadda ta karanta kwali guda na littattafan bincike ma ba ta nema ba.

Mataki na shida: Ki kama ta a kan kitso

Nan ne asirin yake, ki gyara zama.

A duk mako akwai lokaci ɗaya da ƙanwa ba ta iya gudu: lokacin da kanta ke tsakanin gwiwoyinki, gashinta a hannunki. Ranar Alhamis Umma ta ce ba ta da sukuni, Raliya ta kitse wa Sharifa kai. Raliya ta zaɓi kalaba 'yan mitsi-mitsi, irin wadda ake fara ta da hantsi a gama da la'asar. Ba dabara ta shirya ba, manyan ne ba sa kamuwa a hannunta. Ranar Asabar za a share ɗaki, kuma ta riga ta fid da rai.

Don ta sallami jarumanta, sai ta fara ba kanta labarin wani mai koren bango, da Hausa, a hankali, kamar mai yi wa mamaci addu'a. Wani shagon yadi ne, an kulle shi da kwaɗo. Da safe mai shi ya buɗe ya tarar kwaɗo lafiya, taga lafiya, agogon bango ya ɓace. A ƙasa kuwa sawun ƙafa ne jiƙaƙƙe, a garin da ya yi wata da watanni bai ga ruwan sama ba.

"Uskuti," in ji Sharifa, wai ta yi mata shiru.

Raliya ta ci gaba. 'Yar mai shagon ta shige tsakanin bandiran yadi ta ɓuya da tocilarta. Ta ji an taɓa kwaɗo. Ta ji ɗigar ruwa, ɗis, ɗis, tana matsowa.

Sharifa ta daina mutsu-mutsu. Ki lura da wannan alama: wuyan da yake ta kaucewa tun hantsi ya tsaya cak.

Ɗigar ta tsaya daidai kanta. Mutumin ya yi tari. Yarinyar ta san tarin nan, kullum tana jin sa a ƙofar gidansu. Ta ɗora yatsa a kan makunnin tocila.

Raliya ta ɗaure jelar ƙarshe, ta shafa mai, ta ce, "Tashi, an gama."

Sharifa ba ta tashi ba. "Wa ba'den?"

"Sannan me?" in ji Raliya.

"Wane ne mai tarin?"

Raliya ta buɗe baki za ta faɗa, don haka Allah ya yi ta. Sai aka kira sallar la'asar, Umma kuma ta ƙwala mata kira daga kicin a kan kwanukan da ta rantse za ta wanke. Ta tafi. Ki rubuta wannan da ruwan zinariya: labari a tsakiya ake barin sa. In ba ki da ƙarfin halin yin shiru, ki sami wanda zai kira ki.

Da ta dawo, Sharifa na durƙushe a gaban kwali, littattafai a zube, tana neman mai koren bango. Masu koren bango kuwa sun fi goma.

Mataki na bakwai: Ki yi kamar ba ki gani ba

Kada ki yi murmushi. Kada ki ce ai na faɗa miki. Ki wuce ta kamar kin wuce tulu.

Sharifa ta karanta na farko, ba shi ba ne. Ta karanta na biyu don ta tabbatar. Yaran layi suka zo kiran ta kallo, ta ce kanta ke ciwo, sabon kitso. Ranar Juma'a shinkafa ta huce a gabanta, kamar yadda na yi miki alkawari.

Sai ta fara tambayoyi, kuma nan ne ya kamata hankalinki ya tashi.

"Yaya," in ji ta. Raliya ta waiga ta ga ko wata ake kira, don rabon da Sharifa ta ce mata Yaya har ta manta. "Me ya sa littattafan ƙasa suka jiƙe?"

"Tsufa ne."

"Tsufa bushewa yake yi. Dubi Sitti. Wa yake zama a ɗakin nan shi kaɗai?"

"Kaka, in za ta yi lazimi bayan la'asar."

"Me ya sa take rufe ƙofa?"

"Don kada irinki su dame ta."

"Ɗayyib," in ji Sharifa, wato to, shi ke nan. Ta ɗan lumshe ido ɗaya, irin na yaran cikin hoton.

Mataki na takwas: Ranar jarrabawa, ki rufe mata baki da zarar ta kai aya

Asabar da hantsi aka taru a ɗakin, tsintsiya na jingine a bango. Umma na zaune a bakin katifa. Baba, wanda ke tuƙa motar alhazai, bai fita ba tukuna, yana shan shayi da na'ana'a. Kaka na kan buzunta, tana wa kwalin kallon gefen ido.

Sharifa ta miƙe ta ba da labari daga kwaɗo har agogo, ba ta tsallake ko bandir ɗaya ba. Umma ta jefa mata tambayoyin tsakiya, ta cafe. Mai tarin, ashe mai kawo ƙanƙara ne, ruwanta ke bin ƙafarsa.

"Masha Allah," in ji Baba. "Ashe kan nan ba kitso kaɗai yake ɗauka ba."

A nan za ki tashi ki rungume ta, ki tura mata dabino a baki, ki ja ta waje. Raliya ta tsaya share hawaye.

"Akwai sauran bincike ɗaya," in ji Sharifa. Kuma da Hausa ta faɗa, tiryan-tiryan, don kada wani ya ce bai ji ba. "Duk inda aka ga laima babu ruwan sama, wani ne ya kawo ta. Wa ya hana ni taɓa kwali? Wa yake shiga lazimi da farin haƙori ya fito da ja?"

"Ƙasimu, ka tsawata wa 'yarka," in ji Kaka.

Sharifa ta tura hannu har kafaɗa cikin kwali, ta zaro wani ƙullin tsumman algarara mai laima, ta kwance a tsakiyar ɗaki. Goro ne, daushe, jajaye da farare, suna sheƙi. A duk gidan Kaka ta duba ta ga babu inda yaro ba ya leƙawa sai ƙasan kwalin littattafai, ita kuwa Raliya na sama kaɗai take maimaitawa.

Umma ta rufe baki da mayafi, kafaɗunta na rawa. Baba ya ajiye kofi. "Haba Iya. Haba Iya. Me likita ya ce?"

"Likitan shi ya haife ni?" Kaka ta buga sanda a ƙasa. "A kai wa Sabo! Yau ɗin nan! Tun farko na san takardun nan ba alheri a cikinsu. Dubi yadda suka mayar da yarinya 'yar sanda a gidan ubanta!"

Maganar Kaka ba a tsallake ta a gidan nan, ko Umma sai ta kewaya. Raliya ta kalli Umma, Umma ta kalli Baba, Baba ya kalli goro.

Sharifa ce ta maida littattafan ciki, ta rufe kwali, ta hau kai ta zauna, ta harɗe ƙafafu.

"Sai dai a kai wa Ammi Sabo har da ni. Ban karanta ko rabi ba."

"A haɗa," in ji Kaka. "Ya naɗe fusfus da ke."

Baba ya kasa riƙewa, ya fashe da dariya har ya ƙware. Ya tattara goro ya zuba a aljihu, sannan ya sunkuya ya ɗauki kwali da Sharifa a kai, ya nufi matakala. Umma ta miƙa wa Raliya tsintsiya. Ammi Sabo ya ci gaba da naɗe fusfus da tsohuwar jarida.

Kin ga ke nan. Tsofaffin littattafan nan ba su mutu ba, kitso kawai suke jira.

Ba ruwana

Mai wannan rubutu ta yi alkawarin ƙanwarki za ta karanta, ba ta yi alkawarin za ki ji daɗi ba. Ba ruwanta in kwalin ya koma ƙarƙashin matashin ƙanwarki, ya zama sai kin nemi izini kafin ki taɓa gadon yayanki. Ba ruwanta in aka fara sansana miki mayafi, ana auna sawun takalminki da zare, ana tambayar ki inda kike lokacin da aka buɗe gwangwanin madara. Ba ruwanta in kakarki ta daina amsa gaisuwarki sai da hanci, ko in wata Hajiya daga Kano ta kawo ƙarar cewa wata yarinya mai kalaba ta yi mata tambayoyi a kan abin da ke ƙasan jakarta.

Haka nan in babanku ya zo yana cigiyar inda tsohuwa ta koma ajiye goronta, kada a ambaci sunana. Ban gani ba, ban ji ba. Ni dai na san littattafan makarantar Sharifa, na nahawu da na lissafi, suna nan jere a kusurwar soro, har alhazai suka tafi babu mai binciken da ya ɗaga su, kuma kwanan nan na ƙasan ya fara laima.